Tuwo a Kan Fistin

Yau da rana aka kawo mini tuwon dawa gareji, na kasa ci. Maigidana marigayi, wanda ya koya mini gyaran babur, na tuna.

Idan an sa wa babur kamshaf mai tudu, wato ƙarfen da ke juyawa yana buɗe bawul na inji, dole a sake zaɓen sandunan da ke tura bawul. In sanda ta yi tsawo, bawul zai daki fistin, inji ya ƙame ana cikin gudu. Shi ba ya awon ratar da ke tsakaninsu da komai sai tuwo. Zai gutsura daga kwanonsa, ya manna a kan fistin, ya rufe inji, ya juya da hannu, sannan ya buɗe ya duba sawun bawul.

Wata rana a rumfarsa ta unguwar Kumbiya-Kumbiya na tambaye shi, “Baba, yaya zan san ratar ta isa?” Hannunsa na warin baƙin mai da daddawa. Ya yi dariya ya ce, “Kai dai da fargaba! Ina nan, ka kawo in gani.”

Ban ƙara tambaya ba.

Yanzu babur ɗin ƙanena ne a buɗe a gabana, an sa masa irin wannan kamshaf ɗin. Gobe zai ɗauki Inna zuwa Kaltungo, ya ƙi jira. Na manna tuwo na juya, na sake, har kwanon ya ƙare. Ina ganin sawun, amma ban san me yake faɗa ba, kuma babu wanda zan kai wa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba. Ya Allah, Ka ara mini idonsa kafin gobe.