Saƙon Zamzam Zuwa Napoli

Ko da zan manta da sunayen duk tashoshin jirgin ƙasan da na sauka a Italiya, akwai wata la'asar guda a birnin Napoli da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau idan na tuna ta sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni haifaffen Makka ne. Kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba, mu kuma muka tashi a unguwar Misfala, Hausa a cikin gida, Larabci a bakin titi. A shekarun nan da ake ta aikin faɗaɗa Harami ina karɓar baƙi a wani ƙaramin masaukin alhazai, a nan kuma na haɗu da wani Badamagare mai sayar da jakunkuna a Napoli. Umara ya zo, ya ɓace wa ayarinsu, na taimaka masa, shi ke nan muka ƙulla abota. Kullum muka yi waya sai ya ce yaushe zan zo. Ga kuma wani abokina na ƙuruciya, ɗan layinmu, yana karatun injiniya a Bologna, shi ma yana ta kira. Da na samu hutu sai na ce bari in goya jaka in bi ƙasar nan gari-gari a jirgin ƙasa, in sauka Milano a arewa, in gangaro har kudu, ko'ina in kwana wurin wanda na sani.

Da na gaya wa Badamagaren, murna kamar ya fito ta cikin wayar. Daga baya sai ya sassauta murya ya ce, "Ɗan Makka, abu ɗaya nake roƙo. Kawuna da ya riƙe ni a ƙasar nan yana kwance, ciwon ƙoda. Shekara da shekaru yana niyyar zuwa Makka, Allah bai nufa ba, yanzu kuma likita ya hana shi tafiya. Ka zo masa da zamzam."

Na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Ka ce masa ya ɗauka ya sha ya gama."

Da gaske nake a lokacin. Mu da muke da shi a kowane gida, har shayi ake dafawa da shi, ban ga wani nauyi a maganar ba. Na ɗauki galan ɗaya, irin wanda ake rufewa a kwali don shiga jirgi, na tafi.

Nauyin na fara jin sa ne a Milano. Jaka a baya, galan a hannu, ina hawa matakala ina sauka, mutane na kallona. Ruwan sama ya same ni a hanyar tasha, kwalin ya jiƙe ya yage, na yar da shi, galan ya rage tsirara da rubutunsa na Larabci. Duk da haka ina jin daɗin tafiyar. Ina zaune jikin taga ina kallon gonaki kore shar suna wucewa, ni da idona ya saba da duwatsu masu launin toka, galan ɗin a tsakanin ƙafafuna.

A Bologna abokina ya tarbe ni da ihu irin namu na 'yan Misfala, rabi Hausa rabi Larabci. Gidansu ƙarami ne, su biyu, shi da wani ɗalibi ɗan ƙasar, dogo mai fara'a, wanda ba ya jin kowane yare da nake ji, amma hakan bai hana shi yi mini hira da hannu ba. Ɗakin abokina ko wurin shimfiɗa da ƙyar muka samu, don haka na ajiye galan a kicin, gefen kwalaben ruwan da suke saya. Ban ce wa kowa komai a kansa ba. Ban ga dalili ba.

Washegari muka fita yawo tun safe, muka bi rumfunan garin masu tsawo, muka hau wata hasumiya har gwiwoyina suka yi rawa. Da muka dawo da azahar, tun daga matakala ƙamshi ya tare mu. Baturen nan ya shirya mana liyafa, taliya da miyar tumatir da wani ganye mai ƙamshi, ya ma tabbatar wa abokina babu nama a ciki balle mu yi shakka. Na ci faranti ɗaya, na ƙara. Na ce wa abokina ya gaya masa ban taɓa cin taliya irin wannan ba. Ya dafa ƙirji yana murna, ya yi wata doguwar magana, abokina yana fassara mini yana dariya: wai saura kaɗan girkin ya gagara, masu gyaran famfo sun ɗauke ruwan gidan tun safe, kwalabensu kuma duk sun ƙare, Allah Ya taimake shi ya ga babban galan ɗin da na zo da shi.

Abokina bai kai ƙarshen fassarar ba ya tsaya, don ya ga fuskata. Na tashi na shiga kicin. Ga galan nan a kan tebur, murfinsa a gefe. Na ɗaga shi, sakayau. Ya dafa taliya da shi, ya tsiyaye ruwan a wurin wanke-wanke, ya dafa kofi, sauran kuma shi ne a cikin jug ɗin da muka shanye da abinci.

Da aka yi wa bawan Allahn nan bayani, fuskarsa ta yi ja, ya riƙe kai da hannu biyu, yana ta maimaita kalma ɗaya da na gane ban haƙuri ce. Har ya ce zai fita ya sayo wani. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ni ne na ajiye amana a gefen kwalaben ruwan sha kamar kayan miya.

Abokina ya ja ni gefe ya ce, "Ya shekh, ma'alesh, ba komai, abin da ya faru ya faru. Ka sayi ruwan kwalba ka cika shi, khalas, shi ke nan. Tsohon nan bai taɓa shan zamzam ba, ta ina zai gane? Niyyarsa ce za ta yi masa aiki."

Na ce masa a'a, amma a'ar ba ta da ƙarfi. Gaskiya ita ce a tashar Roma, inda na canja jirgi, na sayi manyan kwalabe na ruwa na sa a jaka. A cikin jirgin Napoli na ɗauki galan da kwalba ɗaya na shiga banɗaki na kulle. Jirgi na jijjiga ni, ina kallon kaina a madubi, na buɗe kwalbar har na kai bakinta bakin galan. Maganar abokina ce ta dawo mini, cewa ba zai gane ba. Ita ce kuma ta tsayar da hannuna. Mutum zai fuskanci alƙibla ya sha, ya yi addu'a da dukkan zuciyarsa, ni kuma ina tsaye a kansa na san ruwan tasha ne. Na rufe kwalbar na fito.

Abin da ya kamata in yi daga nan shi ne in kira Badamagaren in gaya masa. Na ciro waya na mayar ya fi a ƙirga. Na ce a raina gara in faɗa masa baki da baki, mu biyu, a hankali. Na cusa galan cikin jakar baya, tunda yanzu ba shi da nauyi.

Badamagaren ya tarbe ni a tashar Napoli ya rungume ni, bai bar ni na buɗe baki ba. Ya karɓe jakar ya goya, yana ta zuba: kawu tun asuba yake tambaya, kawu ya sa an yi masa aski. Muna ratsa lunguna, babura na wuce mu kamar za su taka mu, shanya a rataye sama daga wannan bene zuwa wancan. Sau biyu na ce, "Tsaya, akwai magana," ya ce, "Ta jira mu isa gida, ɗan Makka."

Da muka hau benen sai na ga takalma jibge a bakin ƙofa. Falon cike yake. Hausawan unguwar ne, na Nijar da na Gana da na Najeriya, maza a kan tabarma, mata a bakin kicin da 'ya'yansu. A tsakiya an ajiye faranti babba, an jera ƙananan kofuna an wanke su tas. Ga kawun a kan gado an jingina shi da matasai, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, amma an sa masa farar riga sabuwa da hula, ɗakin na ƙamshin turare. Matarsa ta gaya mini daga baya alwala ya yi yana jira.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna da nasa biyu ya ce, "Sannu da hanya, ɗana. Ka sha wahala saboda ni."

Badamagaren ya buɗe jakar ya ciro galan. Na ga lokacin da hannunsa ya ji rashin nauyin. Ya dube ni, ya girgiza galan, ya sake dubana. 

 Kaina a ƙasa na ce, "Baba, na zo da shi cike daga Makka, wallahi. A Bologna na ajiye shi a kicin ban yi wa kowa bayani ba, wani Bature abokin zaman abokina ya ɗauka ruwan sha ne, ya dafa taliya da shi. Ni ma da ni aka ci. Laifina ne, ku yafe mini."

Wata mata ta yi salati. Wani daga baya ya ce, "Taliya?" kamar bai ji daidai ba. Na ji wani yana danne dariya, wani kuma ya yi tsaki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban waiwaya ba.

Sai gadon ya fara motsi. Na ɗago a tsorace, ashe dariya tsohon yake yi, har tari ya sarƙe shi, matarsa na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Wato Bature ya riga ni. To Allah Ya sa ta zame masa alheri." Ya dube ni da idanunsa da suka yi ruwa ya ce, "Ta yi daɗi dai ko?"

Na ce, "Ta yi, Baba."

Nan falon ya fashe da dariya, amma ni dariyar ba ta sauke mini komai ba, don na ga yadda idonsa ya koma kan galan ɗin ya tsaya. Matarsa ita ma ta gani. Ta karɓe shi, ta ɗaga shi saitin taga, ta karkata. A can ƙasa akwai ɗan abin da ya rage. Ta ɗauko cokali ta tsiyaye a hankali, bai ma cika ba. Aka juya shi ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla ya sha, ya rufe ido ya daɗe leɓɓansa na motsi.  Bayan nan ta zuba ruwan kwalba a galan ta girgiza, ta ce wa mutane, "Kun dai ga abin da na zuba, ɗauraya ce, mai so ya miƙo kofi." Kowa ya miƙa.

Bayan an ci abinci ya sa na zauna a bakin gadonsa. Ya tambaye ni ko daga gidanmu ana jin kiran sallar Harami, na ce ana ji. Ya ce da ƙafa ake zuwa? Na ce da ƙafa. Ya jinjina kai, sannan ya ce, "Kai kam ka more. Kullum kana ɗawafi ke nan." Ban iya ce masa rabona da ɗawafi tun azumi ba, ban kuma iya ce masa e ba. Shirun da na yi ya ishe shi amsa. Sai ya matse hannuna ya ce idan na koma in tsaya gaban Ɗakin Allah in ambaci sunansa.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne abokina Badamagaren. Da ya rako ni muka sauko ƙasa, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka kira ni ai da ban tara mutane ba. Ni na bi su gida-gida na ce su zo." Sai a lokacin na gane ba ni kaɗai na ji kunya a falon nan ba, na jawo shi ciki saboda tsoron kiran waya ɗaya.

Sauran garuruwan da na shirya gani ban ji daɗinsu ba. Da na dawo Makka na yi abin da tsohon ya roƙa tun kafin in kwance jaka, na kuma samu wani mai umara da zai koma Napoli na ba shi galan biyu a rufe, na roƙe shi kada ya sauke su ko'ina sai a gidan. Sun isa, ya sha, har ya aiko mini da godiya ta waya, muryarsa can ƙasa. Bai kai wata shekarar ba.

Abin da na koya a tafiyar nan shi ne, abin da yake arha a hannunka yana iya zama shi ne dukkan abin da wani yake jira a rayuwarsa, don haka nauyin saƙo a wurin mai jiransa ake auna shi, ba a wurin mai ɗauke da shi ba. Na kuma koyi cewa idan abu ya lalace a hannuna, in faɗa tun da wuri, tun ni kaɗai ne a cikin kunyar, kafin a wanke kofuna a tara jama'a.