Shekara Huɗun da Na Yanke wa Golanmu

Ko da zan manta fuskar duk 'yan wasan da suka bi ta hannuna, ba zan taɓa manta ranar da golanmu ya tona asirin kansa a cikin shagona ba. Ni tela ne a unguwar Mamobi, amma da la'asar nake rufe keken ɗinki in tafi fili in horar da samarin unguwa. Ladan da nake samu ɗaya ne, a kira ni Koci in ji kaina ya kumbura.

Golan nan ɗan wata maƙwabciyata ne mai sayar da wake da shinkafa a bakin titin Nima. Dogo ne, ba ya son magana, amma hannunsa, wallahi, ban ga irinsa ba. A gasar bayan Sallah ya tare fanareti biyu a wasa ɗaya. Ashe cikin 'yan kallo akwai kocin wata jami'a daga ƙasar waje. Ana tashi ya nemo ni, ya ce suna son yaron, za su ba shi karatu kyauta ya tsare musu raga. Sai dai ofishin ɗaukar ɗalibai ne zai yanke hukunci, kuma sai sun ga takardar jarrabawarsa ta sakandare.

Dariya na yi. Na ce mai irin wannan hannu wa zai tambaye shi lissafi? Mutumin ya ce mutanen ofishin ba sa kallon ƙwallo, sun sha hana shi 'yan wasan da za su ciyo masa kofi.

Jarrabawa ba ita ce damuwa ba, don uwarsa ta tsare shi ya yi karatu, ya kuma ci da kyau. Damuwar aikin hannuna ce. A wurinmu kowane ɗan wasa yana da shekaru iri biyu, na haihuwa da na ƙwallo. Lokacin da na yi masa katin wasa na yanke masa huɗu, kamar yadda kowa yake yi, ko gezau ban yi ba. To ga kati yana cewa sha bakwai, ga takardar makaranta tana cewa ashirin da ɗaya. Kocin kuwa ya riga ya gaya mini cewa a dokarsu, in shekarun mutum suka ja bayan sakandare, damar wasansa raguwa take yi, wani ma a bar shi gaba ɗaya.

Na sami yaron da uwarsa a gida na kawo dabarata. Na ce na san wani a unguwar Tudu da zai gyara takardar makarantar ta dace da kati, ba mai ganewa. Uwar tana wanke tukunya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita dai ta san shekarar da ta haife shi, shekarar da babbar kwata ta cika ruwa ya shigo har ɗakinta. Na ji haushi ƙwarai. Na ce, Hajiya, ana maganar jirgin sama kina maganar kwata? Yaron kuwa bai musa ba, sai na ɗauka ya yarda, na bar zuwa Tudu sai bayan ya gana da ofishin.

Ranar ganawa da ofishin ta bidiyo ya zo shagona bayan azahar, don a nan waya ta fi kamawa. Muka jingina ta da keken ɗinki, na tsaya gefe inda ba za a gan ni ba. Wata mata mai gilashi ta fito, ta yi masa tambayoyi kan karatu, yana amsawa tsaf. Sai ta tambayi shekarunsa. Na ɗaga masa yatsu ina nuna sha bakwai.

Ya dube ni, sannan ya dubi wayar. “Shekarata ashirin da ɗaya,” in ji shi. “Katin wasan da kocinku ya gani ba gaskiya ba ne. Kuma da sanina aka yi shi.”

Na zauna a kan tulin yadi. Bai ambaci sunana ba, alhali ni na riƙe biron. Matar ta yi rubutu, ta ce za su neme shi. Da ta kashe na hau shi da faɗa, na ce ya zubar da arzikinsa da bakinsa. Ya bari na gama.

“Koci, ka yi haƙuri,” ya ce. “In na shiga da ƙarya, kullum aka kira ni ofis gabana zai faɗi. Gola kuma ba ya tsare raga da faɗuwar gaba.”

Sati uku ban yi masa magana ba. Sai ga saƙo. Sun ɗauke shi saboda sakamakon jarrabawarsa, amma shekarar farko karatu kawai zai yi, ba zai taɓa ƙwallo a gasa ba. Kocinsu ya yi ta roƙo, don ba shi da golan kirki a shekarar, ofis ya ce a'a. Har yau abin yana ba ni mamaki, a ce makaranta ta yarda a yi ta zura mata ƙwallo shekara guda, ga mai tarewa zaune a aji. Da ya fara kama musu, a shekararsa ta ƙarshe suka ɗauki kofin yankinsu. Ya turo mana hoton, uwarsa ta manna shi a jikin rumfarta.

Ni kuwa, tun satin da saƙon ya zo na tara katunan ƙungiyata na sake su da shekarun gaskiya. 'Yan wasa biyar suka fita daga 'yan ƙasa da sha bakwai, ɗaya ma har da gemu. Wasanmu na gaba aka ɗura mana shida ba ko ɗaya, 'yan Nima suka yi ta mini tsiya har ƙofar shago. Ban ji zafin ba. Na daɗe ina zaton taimakon yara nake yi in na yanke musu shekaru, ashe kaya nake ɗora musu su yi ta ɗauka su kaɗai. Wanda na koya wa kama ƙwallo shi ya koya mini haka, kuma daga ranar ban sake taɓa shekarun ɗan kowa ba.