Hannuwan Solange

Solange Perraud ta bar garinmu tana 'yar shekara sha tara, ta nufi Paris za ta zama tauraruwar fim. A can suka dubi fuskarta, sannan suka ce ta miƙo hannuwanta. Da bakinta take faɗa: "Kyawuna duk a wuyan hannu ya tsaya, ya kasa ƙarasowa sama."

Akwai wata babbar tauraruwa mai cin farce. Duk sanda za a nuna hannunta kusa, sai a kira Solange a nuna nata. Shekara ashirin da biyu hannunta na buɗe wasiƙa, yana rufe idon mamaci. Ta rubuto wa uwarta cewa tana fitowa a fim. Ba ta dai ce wane sashe nata ke fitowa ba.

Wata Lahadi da rana aka kawo ɗaya daga cikin finafinan garinmu, ita kuma ta zo hutu. Tsohuwarta ta gayyato rabin unguwa, har da Huguette mai gidan burodi, wadda ta daɗe tana cewa wanke-wanke yarinyar take yi a Paris. Solange ta zauna gefen uwarta, tana neman bakin da za ta faɗi gaskiya, ba ta samu ba.

Awa guda ta wuce, ba a ga fuskar Solange a fim ɗin ba.

"To, Madam Perraud," in ji Huguette daga baya, "ko 'yar taki ce waccan akuyar da aka nuno?"

Aka yi dariya. Tsohuwar ba ta juya ba.

Can a cikin fim ɗin sai ga hannu ya ɗauki burodi. Kafin ya yanka, ya kifa shi, ya zana gicciye a cikinsa da bakin wuƙa, yadda ake yi a gidajenmu. Ba wanda ya sa Solange yin haka a ranar ɗaukar fim ɗin, sabo ne kawai.

Tsohuwar ta miƙe tsaye.

"Ga ta nan! Ga 'yata! Huguette, wace 'yar Paris ce ta san wannan?"

"Mama, zauna," in ji Solange, "hannu ne fa kawai."

"Na gani. Ni na haife shi." Ta zauna, ta ɗan matso. "Amma 'yar nan, wannan yanka da kauri haka? A gaban mutane?"