Tsuntsuwar da ta koyi kukan baro

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ban-ruwa a lambun shaƙatawa na gari, kuma kowa Mai Kunne yake ce masa. Tsuntsu ya yi kuka sau ɗaya daga cikin ganye, zai gaya maka ko wane ne ba tare da ya ɗaga kai ba. Abin taƙamarsa ke nan a duniya, kuma ya iya taƙama.

Wata safiya ya ji baƙon kuka daga ciyayin bakin tafki. Farkonsa irin na 'yar tsuntsuwar nan ce mai ruwan ƙasa da ya sani, amma ƙarshensa wani siririn ƙiii-ƙiƙ ne, sau uku. Kwana huɗu yana saurare, sannan ya yanke hukunci: sabon tsuntsu ne. Ya baza labari, ya rantse da furfurarsa, har wata malamar jami'a ta zo da na'urar ɗaukar sauti da ɗalibai goma sha biyu.

Suka yi tsit a bakin tafki. Tsuntsuwa ta rera, malama ta ɗauka, Mai Kunne ya harɗe hannu yana murmushi.

Daidai nan matarsa ta iso da abincinsa. Ta tsaya, ta karkata kai.

"Maigida, wannan ai kukan baronka ne," in ji ta. "Shekara nawa ina cewa ka sa masa mai?"

Ba ta jira amsa ba, ta kama baron aikinsa da ke ajiye a gefe ta tura. Taya ta yi ƙiii-ƙiƙ. Daga cikin ciyawa tsuntsuwa ta amsa, ba ragi ba ƙari.

Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Malama ta ce, "Baba, irin wannan tsuntsuwar takan kwaikwayi abin da take ji. Wannan ma abin rubutawa ne." Bai ko ji ta ba. Kunya ta rufe shi har wuya. Ƙarar da yake turawa gabansa kullum safiya ce ya kasa ganewa, shi da ake kira Mai Kunne.

Da yamma ya zuba wa tayar mai har ya zuba ƙasa, baro ya yi shiru. Washegari yana shiga lambu ya tarar da tsuntsuwar tana ta ƙiii-ƙiƙ ɗinta, kuma ba ta fasa ba har yau.