Azurfar Bangon Kaka

Ya ku ma'abota basira, dattawan Agadas da samarinta, a tattara hankula, domin mai martaba ni zan yi jawabi.

Ruwan jiya ya ɓantare saman bangon kaka, sai ga ƙullin tsofaffin kuɗin azurfa. Kakanta ne ya liƙe su ranar da sojan Faransa suka shigo gari. Ya ce zai dawo, bai dawo ba.

Na garzaya da su wajen maƙeri. Ya ce, "In na narke su, nauyi za ka sayar. In ka bar su, masu tara tsofaffin kuɗi sun fi biya."

Na koma gida ina lissafin mota. Sai na tarar an fara yaɓe ramin da ɗanyen laka, ga shatin hannu mai yatsu huɗu.

Na ce, "Kaka, wa ya hau?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mijina, ai kakana yatsu huɗu gare shi. Raƙumi ya cinye ɗaya."

Jama'a, narkewa ko ajiya, ku yi ta muhawara a ƙasa, ni na janye. Wanda ya ari tsaninmu, don girman Allah ya maido kafin magariba, in mayar da kuɗin inda suke.