Ma'u Mai Ƙuli da Wakilin Kanti

A lungun da ke bayan hasumiyar Gobarau, duk wanda ya tambayi gidan Ma'u mai ƙuli ba sai an raka shi ba, ƙamshin gyaɗa zai kai shi. A gidan aka haife ta. Ta yi zaman aure a Batagarawa shekara goma sha tara, da mijin ya rasu ta dawo ɗakin mahaifiyarta, ta gaji kaskon suya da sana'ar gidan. Ba ta yi boko ba, amma ta iya waya: ta danna ta yi magana, ta saurari amsa.

Shekara takwas tana kai wa wani babban kanti da ke wajen Kambarawa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Malam Idi ne mai sayo wa kantin kaya. Duk Litinin zai jingine babur a ƙofar gida, su gaisa tun daga gajiya har ciwon gwiwarta, ya gutsuri ƙuli ya tauna, sannan ya faɗi yawan da za a kawo.

Wata Litinin ya zo, bai gutsuri komai ba.

"Yaya Ma'u, daga yau ba ni zan riƙa zuwa ba," in ji shi. "An maishe ni sito. Wakili zai riƙa yi maki magana ta waya."

"Wakilin wa? Ɗan wane gida ne?"

"Ba mutum ba ne. Na'ura ce mai tunani. Ita ke duba abin da ya ƙare a kanti, ta nemi masu kaya, ta aiko mota."

"To wa ke gaya mata abin da za ta yi?"

Malam Idi ya sosa ƙeya. "An ce ba kowa."

Kwana biyu saƙon ya shigo. Muryar namiji ce, a natse, Hausarsa ta fi kama da ta Kanawa. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya kira ta Hajiya. Ta danna ta ce ita ba ta je Makka ba tukuna. Nan take ya ba ta haƙuri, ya tambayi yadda take so a kira ta. Ma'u ta daɗe tana kallon wayar. Abin da aka ce ba mutum ba ne, ga shi ya fi wasu mutane ladabi.

Yawan kayan da yake nema ne ya fara ɗaure mata kai. Malam Idi hamsin yake cewa, ko ɗari. Shi kuwa wakili sai ya ce ƙulli talatin da bakwai. Wani mako hamsin da biyu. Ranar da ya ce tara kacal, ta kwana tana tunanin inda ta saɓa masa. Da Sammani direba ya zo ɗaukar kaya, ta ƙara ƙulli ɗaya babba, ta ce a ba wakili. Sammani ya karɓa. Washegari wakili ya sanar da ita cewa an ga ƙulli ɗaya fiye da abin da aka nema, ko kuskure ne? Ta ce e, kuskure ne. Aka dawo mata da shi.

Ana saura mako biyu ɗalibai su koma makarantun kwana, wakili ya nemi ƙulli ɗari huɗu. Ba ta taɓa yin haka ba. Ta ɗauki mayafi ta hau mota zuwa Batagarawa, wurin Salihu ƙanen marigayi mijinta, wanda take sayen gyaɗa a hannunsa. Ko gaisuwa ba su gama ba ya nuna mata buhu uku a jingine a zaure.

"Ga su nan, Yaya. Tun jiya mutuminku ya kira ya ce in ajiye maki."

"Wane mutumin namu?"

"Na kanti mana. Har ya tambaye ni ko ta bushe sosai."

Ta biya kuɗin gyaɗar. A mota tana dawowa ta yi ta lalube a ranta, har ta tuna: wata uku da suka wuce wakili ya tambaye ta inda take samun gyaɗa, ita da bakinta ta faɗa, har ta karanto masa lambar Salihu daga jikin bango. Ita ta manta, shi bai manta ba. Ta kasa gane ko taimako aka yi mata ko shiga gabanta aka yi. Duk da haka ta kira maƙwabta mata huɗu, aka soya, aka kai inji, aka matse mai, aka mulmula tunkuza kwana biyar. Kaya suka tafi, suka ƙare tas.

Bayan wannan ne gwaggonta ta rasu. Ta aika wa wakili cewa za ta yi zaman makoki, ba ta hura wuta sai bayan bakwai. Ya yi mata ta'aziyya mai kyau, har da addu'a. Ran na huɗu tana zaune da masu gaisuwa ta hango motar Sammani ta wuce ƙofarta, ta tsaya a gidan Tani, ɗaya daga cikin matan da suka taya ta aiki.

Da aka share makoki ta nufi kantin, karonta na farko. Malam Idi ya kai ta ofishin Rukayya, 'yar mai kantin, wadda ta kawo tsarin. Yarinyar ta miƙe ta ba ta kujera.

"'Yata, wurin wakili na zo. Mi na yi mashi?"

"Ba ki yi komai ba, Inna. Ya ga ƙuli zai yanke ne, sai ya nemi wani wuri na kwana bakwai. Ga shi har ya sa ki a jerin wannan makon." Ta juyo mata da allon kwamfuta, layuka ne birjik.

"Ke kika ce ya je gidan Tani?"

"A'a. Ni ma sai daga baya na gani."

"To in ya yi ba daidai ba, wa zan kama?"

Rukayya ta ce ai akwai iyakar da aka gindaya masa, kuma kamfanin da ya ƙera shi na Legas ne, su ma a wurin wasu suka ɗauko. Ma'u ta dubi Malam Idi, shi kuma ya dubi ƙasa. Ta fito ba ta san ko an amsa mata ba.

Da damina ta kankama, sai ga wakili da tambaya. Ya ce ya lura masu saye suna ja da baya a kan ƙuli a wannan lokaci kowace shekara, bai gano dalili ba, ko ita ta sani? Ta sani mana. Danshi ne ke ratsa leda, ƙuli ya yi laushi ya daina ƙaras a baki. Mahaifiyarta a gwangwani mai murfi take zuba na damina. Kwana biyu tana juya maganar: in ta faɗa, wa ta faɗa wa? A na uku ta danna ta gaya masa, don ba ta iya a tambaye ta abin da ta sani ta yi shiru.

Mako na zagayowa Sammani ya sauke mata robobi masu murfi guda sittin. A bayan motar akwai wasu, ya ce na Tani ne da wata mata a Ƙofar Marusa. Ma'u ta tsaya riƙe da murfi ɗaya har motar ta sha kwana. Sannan ta shiga gida ta wanke robobin, ta kife su a kan tabarma su tsane, ta ɗora kasko.