Ƙunshi Takwas na Hajiya Sailuba

A gindin dutsen Kwatarkwashi aka haifi Hajiya Sailuba, kuma tunda ta yi wayo ba ta taɓa ganin mai hankali ya hau shi don nishaɗi ba. Akuya ke hawa, sai mai neman akuyar. Aure ne ya kawo ta Amurka, ta biyo Malam Mu'awiya da ke gyaran na'urori a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Da ya rasu ba ta koma gida ba. Ta zauna a Laurel tana aiki a gidan kula da tsofaffi, shekara ashirin da biyu ke nan tana ɗaga mutanen da suka fi ta nauyi.

'Yarta ɗaya ce, Kausar, mai haɗa magunguna a asibiti. A yi mata Hausa ta mayar da Turanci, sai in tana so a ji ta da kyau take lallaɓo Hausar. Tun rasuwar uban, hirarsu ba ta wuce "kin ci abinci?" Ga shi ta sami aiki can Seattle, a ɗaya ƙarshen ƙasar, saura wata huɗu ta tashi. Shi ya sa ranar da ta zo da takarda ta ce ta yi musu rajistar tafiya Nepal su biyu, Sailuba ta amsa tun ba ta gane ba. Yarinyar ba ta taɓa ce mata "zo mu je" ba. In ta ƙi wannan, wa ya san ko za a sake?

Sai daga baya tambayoyi suka taso.

"Wa muke da shi a can?"

"Babu kowa, Umma. Duwatsu za mu gani, waɗanda suka fi tsawo a duniya. Kwana tara a ƙafa, da jagora."

"Mota ba ta zuwa?"

"Ai tafiyar ce hutun."

"To me ke saman dutsen?"

"Ƙanƙara."

"Irin wadda nake kwashewa da shebur a ƙofar gida?"

Kausar ta yi dariya ta tafi. Sailuba ta sa tabarau ta karanta takardar sau uku. Abu ɗaya ta fahimta: za su kwana a gidaje takwas na iyalai, kowanne da sunan ƙauyensa. Nan hankalinta ya kwanta. Ashe baƙunta za su je. Ta bi shagunan Wheaton ta sayo atamfa, sabulu, turare da dabino. Ta yi ƙunshi takwas, ta rubuta sunan ƙauye a jikin kowanne.

Saura sati biyu, kamfanin tafiyar ya tara mutane a Lanham don duba kaya. Jagorar wata siririyar mace ce, Edna. Ta rataya jakar Sailuba a sikeli: kilo ashirin da tara. Ƙa'ida sha biyar ce, don mutum ne zai goya jakar ya hau da ita. Edna ta zuge ta leƙa.

"Ina jakar barcinki? Ina rigar sanyi?"

"Babu wuri," in ji Sailuba. "In ka sauka gidan mutane ai su ke ba da bargo."

Edna ta yi bayani a tsanake. Gidajen masauki ne na matafiya, sana'arsu ke nan, ba wanda ke jiran tsaraba.

"Matar gidan ba ita za ta dafa mana ba?"

"Ita ce."

"Ba da 'ya'yanta take zaune a ciki ba?"

"Da su."

"To ta yaya ba baƙuwarta ba ce ni?"

Edna dai tana da doka. Ko a fitar da ƙunsoshin a sa kayan sanyi, ko ta cire sunan Sailuba.

Sailuba ta tsaya riƙe da bakin jakar. Ba ta taɓa shiga gidan wani hannu rabbana ba, kuma ba za ta fara a ƙasar da ba su san Bahaushe ba. Amma in aka cire sunanta, Kausar za ta tafi ita kaɗai, daga nan sai Seattle. Ta dubi ƙunsoshin, ta dubi sikelin, ta rasa wanda ya yi laifi.

Kausar ta durƙusa ta buɗe tata jakar. Ta fitar da babbar kyamararta, da littattafai biyu, da takalmi na biyu.

"Umma," ta ce da Hausa, "sabulu, turare da dabino su zauna. Atamfa huɗu a jakata, huɗu a taki."

Edna ta sake aunawa. Ya yi daidai.

Sun je. A kowane gida Sailuba ta miƙa turmi da hannu biyu, matar gidan ta karɓa tana kallon Edna. Wata ta rama mata da busasshen cuku mai taurin tsakuwa, har yanzu yana cikin firji. A rana ta tara aka nuna mata dutsen, tana haki ta ce dogo ne, ta nemi wurin zama.

In abokan aikinta suka tambaye ta me ta je yi can, amsarta ɗaya ce: "Wallahi ban sani ba. Kausar ce ta ce in zo."